Saƙon Inna Halima Zuwa Tsibiri Mai Duwatsu Biyu

Tun da na dawo ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a ƙofar masallacinmu na unguwar Sa'alaba a nan Jidda bayan la'asar sai a zagaye ni. Wannan ya ce, "Alhaji Sale, wai ɗaki ɗaya ka kwana da Turawa?" Wancan ya ce, "Mu dai mun ji an kama ka da ƙwaya." Kowa ya ji labarin sai ya ƙara masa gishiri, har ya dawo mini ban gane shi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta yadda aka yi. Karatuna bai yi nisa ba, 'yar firamare ce da na yi a Kano lokacin da mahaifina ya tura ni wurin ƙaninsa, don haka a yi haƙuri da rubutun tsohon direba.

Ɗana Faisal ne ya ja ni. Aiki yake a filin jirgi, kuma da ya sami hutu sai ya goya jaka ya nufi wata ƙasa. Na daɗe ina kiran abin yawon banza, na faɗa masa maganganun da yanzu ba na son tunawa. Bayan rasuwar mahaifiyarsa ya ga na zama kamar kujerar ɗaki, ba fita ba magana. Ran nan ya ajiye wata jakar goyo a gabana ya ce, "Abuya, yalla, mu tafi. Ka kai alhazai Makka da Madina duk rayuwarka, wannan karon ni zan kai ka." Hausarsa ta ji ce, in ya matsu sai ya koma Larabci.

Labari ya bazu a unguwa cewa Alhaji Sale zai tafi Amurka. Ana saura kaɗan mu tashi sai ga Inna Halima, tsohuwar nan 'yar Damagaram mai sayar da gyaɗa a bakin kasuwa. Ɗanta Idrisa a nan Jidda aka haife shi, amma iƙamarsa, wato takardar zaman ƙasa, ta mutu, ya rasa kafili mai tsaya masa, sai ya bi ayarin samarin da ke sauka Nikaragwa su kama hanyar ƙasa zuwa Amurka. Da farko yana kiranta. Daga baya ya yi shiru, fiye da shekara biyu ba ta ji shi ba. Ta kunna mana muryarsa ta ƙarshe a waya, yana cewa yana wani tsibiri mai duwatsu biyu a tsakiyar tafki, zai wuce gaba ba da jimawa ba.

Faisal ya ce, "Ometepe ke nan, a Nikaragwa. Amma Inna, mu daga Guwatemala za mu fara, akwai ƙasashe a tsakani."

Ta ce, "Ba duk Amurka ba ce?"

Ta ɗago wani ƙunshi daga ƙarƙashin mayafinta, an naɗe shi da farin yadi an ɗinke da zare ta ko'ina, nauyinsa kamar na kaza biyu. Ta ce, "Alhaji, in yana raye ka sa masa a hannu. In ka ga kabari, ka zo ka gaya mini gaskiya." Na karɓa da hannu biyu.

Tana fita Faisal ya ce mu buɗe mu ga abin da ke ciki. Na daka masa tsawa. Shekarun da na yi ina tuƙi na ɗauki saƙon mutane ba iyaka, ban taɓa warware ɗinki ko ɗaya ba. A wurinmu mai buɗe saƙo ya faɗi ke nan, ba mai sake ba shi ko allura. Ya ce, "Abuya, can ba Madina ba ce." Na ce, "Amana ba ta da ƙasa." Na ji daɗin maganar a bakina, ban san abin da za ta jawo mini ba.

Jirgi ya kai mu Guwatemala bayan an sauke mu an sake ɗauka har na daina sanin ko azahar ce ko la'asar. Ba wanda ya tambayi ƙunshin, sai na dubi Faisal na ce, "Ka gani?" Muka wuce wani tsohon gari mai suna Antigwa, titunansa duk dutse, suka ci mini gwiwa. A nan na fara ganin masaukin 'yan jakar goyo. Gadaje ne masu hawa biyu kamar na ma'aikatan kamfani, maza da mata ɗaki ɗaya. Na tsaya a ƙofa na ce wa Faisal ko a titi zan kwana. Ya nemo mana wani ɗan ɗaki namu mu biyu. To, ga amsar masu tambaya: gida ɗaya na kwana da Turawa, ba ɗaki ɗaya ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kicin. Firji ɗaya, amma kowa ya rubuta sunansa a jikin abincinsa, har rabin tumatir. Mutum zai dafa taliya ya zauna kusa da kai ya cinye, ko bismillah ba zai ce maka ba. Da farko na ɗauka rowa ce. Ranar da na soya ƙwai na miƙa hannu na ce da wani dogon Bajamushe bismillah, bai yi kawaicin da muke yi ba, ya jawo kujera ya share farantin tas, ya rungume ni. Kashegari ya kawo mini burodi da zuma, ya wanke mini kwano. Sai na gane ba rowa ba ce, ba a koya musu ba ne.

Butata kuwa ta sha wuya. Na rataye ta a jikin jaka, domin bayan gidansu takarda ce kawai. Wata safiya na neme ta na rasa. Can na hango uwar masaukin tana ba furanni ruwa da ita tana waƙa. Ta ce wa Faisal ba ta taɓa ganin abin ban ruwa mai kyan baki irin wannan ba, a ina ake sayarwa? Faisal ya ce, "In gaya mata aikinta?" Na ce, "Kul."

Daga nan muka shiga motar haya zuwa tafkin Atitlan. Tsofaffin motocin 'yan makaranta ne aka yi musu fenti ja da kore, an cika su da mutane da buhuna da kaji. A matsayina na direba ina faɗa muku, mutanen nan ba su san birki ba sai oda. Duk kwanar da aka sha sai na taka ƙasa da ƙafar dama. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta lura, ta yi dariya, ta yi alamar addininsu a ƙirji, ni kuma ina ta hailala. Kowa ya kama Ubangiji da harshensa har muka sauka.

Mutanen bakin tafkin sun shiga raina. Matansu na goyo a baya, suna ɗaukar kaya a ka, ba sa wuce mutum sai sun gaishe shi. Da sassafe za ka ji tafi daga kowane gida, ashe wainar masara suke faɗaɗawa da tafin hannu. Ita ce abincinsu safe da rana da dare, da wake da soyayyar ayaba. Mu kuwa wake da ƙwai da kifi muka rayu a kai, Faisal na tambaya kowane wuri ko an sa man alade. Na yi alwala da ruwan tafkin, na yi salla a kan katakon da jiragen ruwa ke tsayawa. Masunta suka ja da baya suka yi shiru har na sallame, ɗayansu ma ya kori wani kare da ya nufo dardumata. A duk garin da muka sauka sai na ciro ƙunshin Inna Halima na sa shi ƙarƙashin matashi. Wani wari ya fara fitowa daga cikinsa. Faisal ya ce, "Abuya, wallahi wani abu ya mutu a ciki." Na ce ba ruwansa.

Muka ratsa Salbado, inda na ci wata waina mai cuku a ciki har na nemi ƙari, muka yanki gefen Honduras cikin zafi irin na Jidda. Sai iyakar Nikaragwa.

A nan ana sauke kowa, a sa jakunkuna cikin na'ura. Tawa ta shiga ba ta fito ba. Wata jami'a mai furfura a gefen kai ta ciro ƙunshin ta ɗaga shi. Ta yi magana, Faisal ya fassara da wayarsa: "Na wane ne wannan?"

Na ce, "Na wani ne, aka ba ni in kai masa."

"Me ke ciki?"

Na ce, "Ban sani ba."

Faisal ya ƙi fassarawa. Ya ce da ni a hankali, "Abuya, babu amsar da ta fi wannan muni a duk duniya." Amma matar ta riga ta gane daga yadda na buɗe hannu.

Aka shigar da mu wani ɗaki, aka karɓe fasfo. Ta taga ina kallo motarmu ta tashi ta bar mu. Wani jami'i ya sa wuƙa ya farke ɗinkin Inna Halima, na ji kamar cikina ya farke. Ya fara jerawa a kan tebur. Leda ta farko, koren gari. Ta biyu, wani gari mai yauƙi. Ta uku, farin dutse da garinsa. Wani ya rufe ƙofar ɗakin.

Ni kuwa dariya ta kusa ƙwace mini. Kuka ce, da busasshiyar kuɓewa, da kanwa. Ga yaji, ga dabino. Da aka kwance leda ta ƙarshe daddawa ta yi sallama, jami'in ya toshe hanci ya yi baya har ya ture kujera.

Na ce, "Faisal, gaya musu kayan miya ne."

Ya ce, "Wa zai yarda?"

Na miƙa hannu zan lashi kanwar in nuna musu, aka riƙe mini hannu. Suka ɗebi kowane gari suna ɗiga masa wani ruwa suna duban launi. Muka zauna a kan benci har rana ta karkata. Na dubi ɗana, ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Aikinsa na filin jirgi ne, ko zargi kawai aka rubuta a kansa ya ishe shi. Sai a lokacin na tuna da haka.

Da gwajin ya fito ba komai, jami'ar ta zauna a gabanmu. Faisal ya nemo mata hoton bidiyo na wata mata tana kaɗa miyar kuka. Ta kalla har ƙarshe, sannan ta ce, "Wa ya aiko, kuma wa za a kai wa?" Na ce uwa ce ta aiko wa ɗanta, ya biyo hanyar nan zai tafi arewa, wato Amurka, ta daina jin muryarsa. Ta daɗe tana duban ledojin. Ta ce ita ma nata ɗan yana can arewa, cuku take aika masa in ta sami mai zuwa. Ta ce dabino ba zai shiga ba saboda ƙwallonsa, farin dutsen ma ba zai shiga ba tunda ba ta san sunansa a dokarsu ba. Sauran ta tura mini. Ta nuna daddawa ta ce, "Wannan kuma ka fitar mini da shi daga ofis yanzun nan." Har mun kai ƙofa ta ƙara da cewa, "Kaka, kada ka sake ɗaukar abin da ba ka gani ba."

A bakin titi muna jiran wata mota Faisal ya fashe. Larabci kawai yake zubawa, bai taɓa ɗaga mini murya haka ba. Na bar shi ya gama. Na ce, "Gaskiyarka ce tun daga Jidda. Da na ce wa Inna Halima ta buɗe a gabana ta sake ɗinkewa, ba abin da zai ragu a amanarta. Girman kai ne ya hana ni. Ka yafe mini." Ya dube ni kamar bai gane Hausar ba. Sai ya ɗauki jakata ya haɗa da tasa ya ce, "Halas, ya wuce, Abuya. Yalla."

Na yi tunanin sayen allura in mayar da ɗinkin yadda yake. Na fasa. Na ɗaure bakin yadin da igiyar takalmi, na bar shi a yadda Allah ya yi da shi.

Muka kwana a Liyon, muka wuce Giranada, sannan muka shiga jirgin ruwa. Tafkin Nikaragwa ba a ganin ƙarshensa, yana da igiyar ruwa kamar teku, na ba kifaye karin kumallona gaba ɗaya. Da na ɗago kai sai ga duwatsu biyu a gabana, kamar yadda muryar ta faɗa. Har lokacin ban san ko mutum zan tarar ko kabari ba.

Neman bai yi wuya ba. Mai babur na farko da Faisal ya tambaya ya ce, baƙin nan mai girki? Ya kai mu wani masauki a cikin gonar ayaba. Muka zagaya baya, ga mutum yana yanka albasa, yana ɗingisa ƙafar hagu. Na ce, "Salamu alaikum, Idrisa."

Wuƙar ta tsaya. Bai juyo ba. Can ya ce, "Ta rasu ne?"

Na ce, "Tana nan da ranta, tana soya gyaɗarta. Saƙo na kawo maka."

Ya juyo ya gane ni, ya durƙusa ya gaishe ni, amma idonsa na ƙasa. Na sa masa ƙunshin a hannu na ce, "A ɗinke ta ba ni. An farke shi a iyaka, an riƙe kanwa da dabino. Laifina ne, ba na kowa ba." Bai ma saurare ni ba. Ya kwance igiyar, ya kai daddawar nan hancinsa, ya tsaya haka.

Da ya sami baki ya ba mu labari. A hanya ya faɗo daga bayan mota ƙafar ta karye, abokan tafiya suka wuce. Wani manomi ya kawo shi tsibirin, iyalinsa suka yi jinyarsa. Ya auri 'yar gidan, sunanta Rosa. Ya ce, "Baba Sale, me zan ce wa Inna? Kowa ya isa, ni na tsaya. Na yi aure ba da saninta ba, matar kuma ba Musulma ba. Kullum sai in ce gobe zan kira."

Muna cikin haka Rosa ta fito da yarinya a kafaɗa, mai fara tafiya. Idrisa ya miƙa hannu ya ce, "Ummi, zo." Na ce, "Ummi?" Ya sunkuyar da kai. Ban sake tambaya ba. Bahaushe ba ya kiran 'yarsa haka sai in sunan mahaifiyarsa ya sa mata.

Na ce a kama kaza. Ni na yanka da hannuna, naman farko da na ci tun Jidda. Idrisa ya tuƙa tuwo da garin masararsu. Da aka zo kaɗa kuɓewa ya tsaya yana duban tukunya, babu kanwa. Rosa ta tambaye shi abin da ya rasa, ya yi mata bayani da yarensu. Ta je murhu ta ɗebo toka, ta zuba ruwa, ta tace da tsumma mai tsabta, ta miƙo masa. Ashe da toka suke dafa masararsu tun kakanni. Yadda ta tace, haka na ga kakata tana yi a unguwar Ammariyya. Miya ta yi yauƙi har tana bin ludayi.

Muka zauna a tabarma, tire ɗaya. Turawan masaukin suka leƙo, na ce bismillah, na kuwa san abin da zai biyo baya, sai da aka sake tuƙa wani. Idrisa ya kai loma ta farko hawaye suka zubo. Ya ce yajin Inna ne. Muka ce lallai yajin da zafi.

Bayan an wanke hannu na ce masa, "Zan koma, kuma za ta tambaye ni. Na yi mata alkawarin gaskiya. Ko ta ji daga bakinka, ko ta ji daga nawa. Ni dai na fi so ta ji daga bakin ɗan da ta haifa." Sai ya ce wa Faisal, "Ara mini wayarka, tawa ba za ta ɗauka ba, ba ta san lambar ba."

Na tashi na ba su wuri, amma muryarta ta iso ni har gindin ayaba. Ba ta yi faɗa ba. Sunansa kawai take kira tana maimaitawa. Kiran bidiyo ne, ya nuna mata yarinyar, ta yi guɗa. Da ya juya wayar wajen Rosa sai guɗar ta tsaya, ta ce a gaishe ta, shi ke nan. Idrisa ya fito fuskarsa rabi murna rabi damuwa. Ya ce, "Ba ta karɓe ta ba." Na ce ya ba ta lokaci.

Ranar da za mu tashi ya kawo mini ƙunshi a ɗaure, a kai wa Inna. Na ce, "Buɗe." Ya ce, "Haba Baba Sale!" Na ce, "Buɗe a gabana, sannan ka ɗaure." Faisal ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Garin kofi ne, da mayafin da Rosa ta saƙa wa baki, da takalmin Ummi na farko.

Kashegarin saukarmu na tafi bakin kasuwa. Inna Halima na kan tabarmarta. Na ba ta saƙon na ce, "Inna, na ga abin da ke ciki, naki ma an buɗe shi a hanya." Ta kaɗa hannu kamar tana korar ƙuda. Ta riƙe ɗan takalmin, ta ajiye mayafin a gefe ba ta warware ba.

Ta ce, "A waya ba a gane rama. Ya ci?"

Na ce, "Ya ci, ya ƙara."

"Miyar ta yi?"

"Ta yi. Sai dai kanwar an riƙe ta a iyaka."

Ta ɗago kai. "To da me aka kaɗa kuɓewar?"

"Da ruwan toka. Matarsa ce ta tace."

"Ita da kanta? Ba shi ya nuna mata ba?"

"Ita ta kawo dabarar ma."

Ta ci gaba da juya gyaɗa a cikin kasko. Can ta goge hannu a zaninta, ta jawo mayafin ta warware shi, ta duba saƙar bakin kusa da idonta. Ta cire nata ta yafa wannan.

Ta ce, "Alhaji, in Faisal zai koma ya gaya mini da wuri. Akwai atamfar da zan aika mata." Ta dube ni ta gefen ido. "A buɗe zan kawo."